Rasit Tsakanina da Ke?

Tumatir ne ya fara tona asirin firijin. Na buɗe da safe zan ɗauko ruwan allurar Inna, hannuna ya taɓa tumatir ɗin da na ajiye jiya, na ji shi kamar dutse. Da azahar na sake buɗewa don in ɗauko mata ruwan sha, sai na tarar kwalbar ta yi ɗumi, tumatir ɗin kuma ya saki jiki yana zubar da ruwa. Fitilar ciki dai tana kamawa, injin yana ta gurnaninsa. Kwana tara ke nan da kawo shi gidan.

Inna surukata ce, mahaifiyar mijina. Tana da ciwon suga, kuma ni nake yi mata allura safe da yamma, domin mijina direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ba mu sa shi a ido ba. A asibiti sun ce a firiji ake ajiye maganin. Da can gidan maƙwabciyarmu nake kaiwa. Da ta tashi daga unguwar, sai na tattara abin da keken ɗinkina ya tara min na nufi shagon Yaya, wan mijina, mai sayar da kayan wuta a bakin babban titi. Ina zan je in ba can ba? Da na saya a wani wuri, da har yau ana maganar a dangi.

Ranar ya karɓe ni hannu bibbiyu. Na nuna wani ƙarami da ke gaba, ya ce a'a, akwai wanda ya fi shi a ɗakin baya, ya ajiye ne musamman don na gida. Aka fito da shi cikin kwali, an naɗe da leda tana ƙyalli. Na biya, na ci gaba da tsayuwa.

"Amarya, da saura ne?" Shekarata goma sha ɗaya a gidan, amma har yau Amarya yake ce min.

"Rasit, Yaya. Da takardar garanti."

Ya yi dariya har da dafa tebur, ya juya wajen mutanen da ke zaune a shagon. "Ku ji min Amarya. Rasit tsakanina da ke? Maganin uwata fa za a sa a ciki. Ko tari ya yi ki kira ni, ni ne garantin."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi don kunya. A cikin duk abin da ya biyo baya, wannan dariyar ce na fi jin haushin kaina a kanta.

To, ranar tumatir sai na kira garantin.

"Sabo ne, bai saba da gidan ba," in ji shi. "Ki ba shi sati."

Na ba shi sati. Na sake kira.

"Wutarku ce ba ta da ƙarfi."

Na tuna masa cewa sola da batir ɗin gidan daga shagonsa suka fito, kuma fanka da talabijin ba su taɓa yin gardama ba.

"To buɗewa kike yi da yawa. Ku mata kun mai da firiji madubi."

"Yaya, maganin Inna nake ji. Shekaranjiya a daskare na ciro shi."

"To ai madalla. Magani sanyi yake so. Ki murza kwalbar a tafin hannu, in ya narke ki yi mata."

Haka na yi. Kullum in ya daskare in murza shi ya narke, in ya yi ɗumi in tura shi can ƙurya. Ruwan dai yana nan yadda na san shi a ido. Ina zuƙa a sirinji, in ɗaga rigar Inna, in tsira mata, ta ce, "Sannu, Tela, Allah ya yi miki albarka." Tela take kirana tun ranar da na shigo gidan da kekena.

Inna mace ce mai son aiki da son takalmi. Ita take sa min maɓalli a rigunan mutane, tana zaune bakin gado da tabarau a hanci tana kushe ɗinkina. Takalma kuwa, duk tafiyar da Yaya ya yi sai ya sayo mata, a jere suke ƙarƙashin gadonta, wasu ko takawa ba ta yi ba. Takan ce ita dai ta haifi ɗa, ko ƙafarta ta shaida.

A sati na uku ta fara shan ruwa kamar an aiko ta. Ta sha, ta zaga banɗaki, ta dawo ta sake nema. Lambar da ƙaramar na'urar awon suga take nunawa ta kama hawa, kullum ta yau ta fi ta jiya. Wata safiya na ba ta riga da maɓallai, ta daɗe tana neman kafar allura da zare, can ta ajiye.

"Tela, alluran yanzu ba sa yi musu ido."

Na kai ta asibiti. Likita ya dubi lambobin da nake rubutawa a littafi, ya tambaye ni me take ci. Na lissafa masa. Ya tambaya ko a firiji nake ajiye maganin, na ce eh. Ban ƙara komai ba, shi ma bai ƙara ba, bayanmu akwai layin mutane har waje. Ya ƙara mata yawan allurar, muka sayi sabuwar kwalba, na dawo gida na sa ta a firiji.

A satin ne ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Ƙaramin yatsan ƙafar hagu ne ya ɗan fashe, ciwon da ko yaro ba zai tsaya yi wa kuka ba. Na wanke, na sa magani, na ɗaure. Bayan kwana biyar na kwance, bai kama hanyar warkewa ba, sai ma wani ruwa da yake fitarwa.

Na bar Inna da na'urar awo da kwalbar ruwa a gefe, na tafi shagon da ƙafata. Na tarar da wani mutum mai jakar ofis ya ɗora talabijin a kan tebur yana magana sama-sama. Ya ce kwana goma da saye hoto ya ɗauke, ga rasit, ga takardar garanti, in ba a canza masa ba daga nan ofishin ƙorafin masu saye zai wuce. A bangon da ke bayan Yaya an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Amma Yaya ko kallon rubutun bai yi ba.

"Haba, ranka ya daɗe, abin bai kai nan ba. A kawo masa sabo."

Aka kawo sabo, aka gwada a gabansa, aka rubuta masa wani rasit. Tsohon kuma aka shige da shi ɗakin baya. Na bi shi da ido har aka rufe ƙofar, amma a lokacin ban kawo komai a raina ba.

"Amarya, ke ta gida ce, ki bari in sallami baƙi."

Na zauna a benci har rana ta karkata. Da ya waiwayo ni, sai ya ce kamfanin ne ba su da kirki, in ya mayar musu sai an yi wata uku ana kai da kawo. Ya ce mai gyaransa ya yi tafiya, da ya dawo zai turo shi. Ya ce in gaida Inna, ya kuma miƙo min leda, takalmi ne sabo, mai igiya, ruwan ƙasa. Na karɓa na yi godiya. Mai gyara bai zo ba, a wannan satin ko na bayansa.

Na gaya wa mijina a waya. Ina jin ƙarar motoci a bayansa.

"To ya kike so in yi? Yaya ne fa."

"Ka ce ya canza mana. Na ga ya canza wa wani a gabana."

"Wannan ai baƙo ne. Ke so kike a ce matata ta kai ƙarar yayana a kan firiji? Mutumin da ya riƙe ni tun ina ƙarami? Don Allah kada ki haɗa ni da shi. Ki lallaɓa, in na dawo za mu gani."

Na ce to. Na lura tun daga lokacin bakina ya saba da wannan kalmar, tana fita ba tare da na yi shawara da ita ba.

Yatsan ya yi baƙi. Ɗakin Inna ya fara wani wari da turare ba ya rufewa. Ta daina fitowa tsakar gida, ta daina kushe ɗinkina, wani lokacin ina yi mata magana sai in ga barci ya ɗauke ta a zaune. Ni kuma na daina karɓar ɗinki. Ina tashi, in auna, in rubuta lamba, in murza kwalba, in yi allura, in wanke ƙafa. Ba na jin tsoro, ba na jin fushi. Jikina ne kawai yake aiki, ni ina gefe ina kallo.

Ranar da Yaya ya zo duba ta, ya tsaya daga bakin ƙofa ya toshe hanci da hankici, ya fito ya same ni a kicin.

"Amarya, me kike ba tsohuwar nan ne?"

"Abin da likita ya ce."

Ya shiga buɗe robobina ɗaya bayan ɗaya. Ya kai kan gwangwanin sukarin da nake sa wa mijina a shayi, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo.

"Ga shi nan. Mai ciwon suga a gida, ga sukari a fili. Sannan ki dame ni da maganar firiji."

Firijin yana bayansa, tazarar hannu ɗaya, bai taɓa shi ba. Ya fita da gwangwanin ya sa a mota. Kafin kwana biyu dangi duk sun ji cewa matar direba tana ɗura wa Inna sukari. Masu kirkin cikinsu suka ce ba da gangan ba ne, ɗinki ne ya ɗauke min hankali.

A sati na bakwai na nemo mai gyara da kaina, wani dattijo mai rumfa a bayan kasuwa. Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya jawo firijin daga bango, ya tsuguna a bayansa. Bai ko kwance komai ba, sai na ji ya ce, "Af."

"Lafiya, Baba?"

"Zo ki gani, 'yata." Ya nuna min wasu layuka biyu na jan fenti a jikin injin. "Wannan hannuna ne. Duk abin da aka kawo min na duba, sai in ja masa layi, don kada a sake kawo min a ce sabon ciwo ne. Wannan sau biyu yana zuwa rumfata. Abin da ke daidaita masa sanyi ne ya mutu tun daga kamfani, shi ya sa yake daskarewa ya kuma sake. Mutum biyu suka saya suka mayar. Na ce wa mai shagon ya mayar wa kamfani tun da lokaci bai wuce ba. A ina kika saya?"

Na faɗa masa, na kuma ce yayan mijina ne. Ya goge hannu da tsumma.

"Haka suke yi," ya ce a hankali. "Abin da baƙo ya dawo da shi, a goge, a sa a sabuwar leda, a ajiye a ɗakin baya. Baƙo yana da rasit, yana da baki. Sai a jira na gida."

Ƙofar Inna a buɗe take. Bayan na raka shi na shiga, na same ta ido biyu tana kallon silin.

"Tela."

"Na'am, Inna."

"Abin da mutumin nan ya faɗa, ki bar shi a ɗakin nan. Yayanku bai sani ba. Kaya suna da yawa, ba zai iya sanin kowanne ba."

"Inna, shi ya zaɓo min da kansa."

"Na ce bai sani ba." Ta juya fuska bango. Can ta ƙara da cewa, "In ma ya sani, ni na haife shi."

Washegari na ɗauke ta muka koma asibiti, wannan karon da kwalbar maganin a jakata. Nas ɗin da ke wanke ciwo ta kwance bandejin, ta duba, ta mayar ta rufe. Na miƙa mata kwalbar na ba ta labarin firijin, daskarewa da narkewa da murzawa a tafin hannu.

"Tun yaushe?"

"Sati bakwai."

Ta zauna a kujera. "Baiwar Allah, maganin nan in ya daskare sau ɗaya ya mutu. Ko ya narke, ko ya yi kyau a ido, ba ya aiki. Sati bakwai kusan ruwa kike tsira mata. Ba wanda ya gaya miki?"

Na ce an gaya min magani sanyi yake so. Ta dube ni, ta tashi. Ta tafi kiran likita.

Suka ba Inna gado. Da maganin asibiti, kwana biyu lambar ta sauko kamar ba ita ba. Amma ƙafar ta riga ta yi nisa. Suka fara da yatsu biyu, bayan kwana shida suka ce bai tsaya ba, suka yanke daga ƙasan gwiwa. Mijina ya dawo ya sa hannu a takardar yana kuka. Ni ban yi kuka ba. Ina zaune a baranda ina kallon wata mata tana goge ƙasa, ina lura da inda ta tsallake.

Yaya shi ne gaba-gaba a asibitin. Shi ke tarbar masu dubiya, shi ya kawo fanka daga shago aka kafa wa Inna a gefen gado, kowa yana sa masa albarka. Ina ji yana ce musu ƙaddara ce, ciwon suga ba ya jin magani, sannan ya rage murya ya ce ga kuma sakacin gida. Na gaya wa mijina maganar jan fenti da maganar nas. Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Yanzu in an tayar da maganar, ƙafar za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba."

"To ki rufa mana asiri."

Duk da haka na je ofishin ƙorafin masu saye, wanda na ji mai talabijin ya ambata. Hawa na biyu ne, ɗaki mai tebur uku. Ma'aikaciyar da na samu ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Ta ce wanda ya sayar shi ke da alhaki, ba sai na bi kamfani ba. Ta ce in kaya ya fito da aibi, dole mai shago ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar wa mutum abin da ya biya, kuma rubutun bango ba ya soke wannan. Ta ce sayar da abin da aka san ya lalace a matsayin sabo laifi ne babba. Duk ta faɗa da kyau, kamar mai karanta min abin da na riga na rasa. Sannan ta jawo fom.

"Ina rasit?"

"Babu."

"Takardar garanti?"

"Ya ce shi ne garantin."

Ta ɗago ta dube ni. "To akwai wanda zai shaida a wurinsa kika saya, kuma ya san da aibin?"

Na koma rumfar dattijon. Ya ce in yafe masa, rabin aikinsa daga shagon yake zuwa, yana da iyali. Mutanen da suka yi dariya a shagon abokan Yaya ne. Saura mutum ɗaya da ta ji komai da kunnenta, tana kwance a asibiti da ƙafa ɗaya tana cewa ɗanta bai sani ba. Na ninke fom ɗin na sa a aljihun keken ɗinki, yana nan har yau.

Da aka sallamo Inna, na share ɗakinta. Na jawo takalman daga ƙarƙashin gado, ƙafa goma sha huɗu. Na mayar da na dama. Na hagun na rasa inda zan kai su, ba na so ta gan su, kuma hannuna ya ƙi zubarwa. Maganinta yanzu yana wurin mai kemis na bakin layi, can nake zuwa safe da yamma, firijin ba komai a ciki sai kwalbar ruwa ɗaya da na manta. Na buɗe na jera takalman a hawa ukun da ke cikinsa, na rufe. Ban cire shi daga wuta ba, ban san dalili ba.

Bayan sati biyu Yaya ya zo da hantsi, da mota a-kori-kura da maza biyu masu dako. Suka sauke sabon firiji, dogo, mai ƙofa biyu. Maƙwabta suna leƙe, shi kuma yana ba da umarni da ƙarfi don kowa ya ji.

"Amarya, ga na Inna na kawo. Wancan tsohon a fito da shi, zan kai a duba."

"A duba, ko a sa masa sabuwar leda?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya wuce ni ya kama ƙofar firijin, ya buɗe don ya ga ko da kaya a ciki. Fitilar ta kama, ita dai ba ta taɓa fashi ba. Ya tsaya. Ga su nan a jere, duk na hagu, baƙi da fari da mai duwatsu, a gaba kuma mai igiya ruwan ƙasa, ko takardar cikinsa ba a cire ba. Shi ya sayo kowanne, ya san su sarai. Masu dakon suka leƙa ta kafaɗarsa, suka dubi juna, suka koma waje.

"Mene ne wannan?"

"Na Inna ne. In za ka tafi da shi, da su za ka tafi. Wanda ka ajiye wa shi a dangi, in ya buɗe ya tambaye ka na wane ne."

Ya daɗe riƙe da ƙofar. Na jira in ji wace hujja ta rage, ko wuta, ko kamfani, ko sukari. Sai muryar Inna ta fito daga ɗaki.

"Tela, wa ya zo? Yayanku ne?"

"Shi ne, Inna."

"To ki ba shi ruwa mai sanyi mana, ya sha rana."

Na miƙa hannu ta gefensa na ɗauko kwalbar da ke tsakanin takalman, na zuba masa a kofi. Ɗumi ne kamar ruwan wankan jariri. Ya karɓa, ya dubi kofin, ya dubi ƙofar ɗakin uwarsa, ya kafa kai ya shanye.

"Ya yi sanyi?" in ji Inna.

"Ya yi, Inna."

"Ka gani. Na ce mata firijin nan lafiyarsa ƙalau."

Ya ajiye kofin. Ya juya zai fita, na ce, "Yaya, rasit ɗin sabon. Da takardar garanti."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ya laluba aljihu ya ciro littafin rasit, ashe yana yawo da shi. Ya ɗora a kan tsohon firijin ya rubuta, ya sa hannu, ya yage ya ba ni, bai dube ni ba. Motar ta tafi ba komai a bayanta.

Tsohon yana nan a lungun kicin, na cire shi daga wuta. Sabon yana aiki yadda ya kamata, lambar Inna ta daidaita, har ta koma sa min maɓalli. Dangi suna yaba wa Yaya, sun ce ba kowane ɗa ne zai sayo wa uwarsa firiji mai ƙofa biyu ba. Ni kuma har yanzu ni ce wadda ta ba ta sukari, kuma na daina musu.

Rasit ɗin yana cikin jakata, ina fita da shi duk inda zan je, ko da yake ban san me zan yi da shi ba. Takarda ce 'yar ƙarama, rubuta ta bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Kullum da safe in na gama yi wa Inna allura, sai ta zuro ƙafarta daga gado ta ce in miƙo mata takalmi. In tsuguna in ɗauko guda ɗaya in sa mata.